Iyon Kifi A Gungu Gado Ne: Abin Da Ya Kamata Ka Sani Kafin Ka Sayi Irin Tarwaɗa Ko Karfasa

Idan ka ɗan jima kana kiwon kifi a Birnin Kudu, Gwaram ko ƙauyukan da ke kewaye, wataƙila ka taɓa ganin wannan. Kwami biyu ne gefe da gefe, ruwansu daga rijiyar burtsatse ɗaya, abincinsu daga buhu ɗaya. Kana watsa abinci a na farko sai ka ga kifin sun taso gaba ɗaya, ruwa ya tafasa, cikin 'yan mintuna sun cinye sun koma ƙasa. A na biyun kuwa wasu 'yan tsiraru ne ke yin gaba su danne wurin cin, sauran na raɓe a kusurwa, abinci na yawo a saman ruwa har ya jiƙe. Bayan wata huɗu, na farko kusan kansu ɗaya, na biyun kuma wani ya kai kilo wani ko rabinsa bai kai ba, ga lissafin ma ya ragu.

Yawanci mai abinci ake fara zargi, ko a ce ruwa ne. Wani lokaci haka ɗin ne. Amma akwai abu na uku da ba a cika tambaya ba: su wane ne iyayen kifin nan, kuma su nawa ne? Yadda kifi ke tafiya tare, yadda yake tsorata da yadda yake tunkarar abinci, wani ɓangare na duk wannan gado ne. Tun da abinci ke cin kashi 60 zuwa 70 cikin 100 na kuɗin kiwon tarwaɗa, halin kifi a wurin ci magana ce ta aljihunka kai tsaye.

Me ke sa kifi tafiya tare?

Masunta a Kogin Bunga da ke ratsa yankin Gwaram, wanda a can gaba ake kira Kogin Jama'are, sun san yadda ƙawara ke tafiya ayari guda, su juya lokaci ɗaya kamar da mai ba su umarni. Amfanin haka a fili yake. Ido da yawa ya fi saurin hango tsuntsu ko babban kifi. Maharbi yana ruɗewa idan abin farauta ya yi yawa. Kuma in ɗaya ya ga abinci, sauran sun gani. Sarkin yawa dai ya fi sarkin ƙarfi.

Abu biyu kifi ke amfani da su wajen riƙe matsayinsa a cikin gungu. Na farko ido. Na biyu wani siririn layi da ke bin gefen jikinsa daga kai zuwa wutsiya, ɗauko karfasa ka duba za ka gan shi. A cikin layin nan akwai ƙananan gaɓoɓin ji da ke gane motsin ruwa, da su kifi ke sanin maƙwabcinsa ya matso ko ya juya. A 1976 wasu masu bincike a Birtaniya sun rufe wa wani kifin teku ido, amma ya ci gaba da bin ayarin 'yan'uwansa muddin layin gefensa lafiya lau yake.

To ido, da layin gefe, da ƙwaƙwalwar da ke haɗa saƙonninsu, duk ƙwayoyin gado ne ke tsara ginin su. Kuma ko a cikin jinsi ɗaya waɗannan ƙwayoyi ba iri ɗaya ba ne daga wannan kifi zuwa wancan, kamar yadda gero duk gero ne amma wani ɗan wuri ne wani mai daɗewa.

Hujjar da bincike ya kawo

Hanyar da masana ke bi don raba gado da tarbiyya mai sauƙi ce: a ɗauko kifi jinsi ɗaya daga wurare biyu, a raini 'ya'yansu a ruwa ɗaya da abinci ɗaya, sannan a duba ko bambancin hali yana nan. In yana nan, to daga jini ne.

A tsibirin Tirinidad akwai wani ɗan mitsitsin kifi mai suna gupi. Waɗanda ke zaune a ƙasan rafuka, inda manyan kifaye masu farauta suke da yawa, suna tafiya a cure. Waɗanda ke saman rafi, inda maharba ba su da yawa, a warwatse suke yawo. A 1974 wani masani mai suna Seghers ya nuna cewa 'ya'yan da aka haifa a ɗakin bincike, waɗanda ba su taɓa ganin maharbi ba, halin iyayensu suka ɗauko.

A 2020 masu bincike a Jami'ar Stockholm ta ƙasar Suwidin sun wallafa wani gwaji da wannan kifin. Suna zaɓar gungun matan da suka fi iya jeruwa fuska ɗaya, su bar su su haihu, su sake zaɓa daga 'ya'yan. Cikin zuriya uku kacal daidaiton iyon ya ƙaru da kusan kashi 15 cikin 100. Riƙe wannan a ranka: zuriya uku. A tarwaɗa, da ke isa haihuwa cikin kimanin shekara ɗaya, wannan bai wuce 'yan shekaru kaɗan ba.

Akwai kuma wani ƙaramin kifi mai ƙaya uku a baya da ake samu a ƙasashe masu sanyi. Na teku gwanaye ne wajen jeruwa, amma na ƙasan Tafkin Paxton a Kanada ba su damu da bin juna ba. Ƙungiyar Catherine Peichel a birnin Seattle na Amurka ta ƙera ayarin kifayen roba da inji ke juyawa a cikin baho, ta riƙa auna yadda kifin gaske ke bin su. A 2013 suka gano cewa son shiga gungu daban, iya daidaita jiki a cikin gungun daban, kuma ba wuri ɗaya ake gadon su ba. A 2016 suka nuna cewa wata ƙwayar gado mai suna Eda, wadda ke da hannu a tsarin sulken jikin kifin da layin gefensa, tana taimakawa wajen iya jeruwa.

A Meziko ma haka. Jinsi ɗaya ne, na kogi yana da ido yana tafiya ayari, na cikin kogo makaho ne kuma kowa harkarsa yake. Da aka haɗa su aka samu jikoki, sai ga wasu suna gani sarai amma ba sa bin gungu. Wato rashin ido kaɗai bai bayyana abin ba, shi kansa halin an gaje shi.

Ina ruwan tarwaɗa da karfasa da wannan?

Najeriya ce kan gaba a duniya wajen kiwon tarwaɗar Afirka. Ita tarwaɗa ba mai jeruwa ba ce kamar ƙawara. Kifin ƙasa ce, mai son duhu, da gashin bakinta take lalube. Amma tana da rayuwar gungu. A fadamar Okavango ta ƙasar Botsuwana, duk shekara idan ruwa ya fara janyewa, wannan tarwaɗar tamu takan haɗu da yawan gaske ta bi bakin ciyayi tana koro ƙananan kifaye, farauta ta taron dangi.

A kwami, halin gungu na tarwaɗa yana fitowa ta fuska uku: ko suna tasowa ci tare, ko suna faɗa da cizon juna, da kuma ko suna cin juna. Tom Hecht na Jami'ar Rhodes a Afirka ta Kudu da abokin aikinsa Appelbaum sun bayyana a 1988 cewa 'ya'yan tarwaɗa na fara cin juna tun suna da tsawon milimita 8. Da farko ta wutsiya suke kamawa su bar kai, idan sun wuce milimita 45 sai su haɗiye ɗan'uwa ɗungurungum ta kai. Bambancin girma ne ke buɗe wannan ƙofa.

To daga ina bambancin girman ke farawa? A Jami'ar Wageningen ta ƙasar Holan an ware 'ya'yan tarwaɗa kowanne a ɗakinsa shi kaɗai, ba mai tsare masa abinci. Duk da haka wasu suka ci gaba da zama masu saurin ci, wasu masu jan jiki, kuma kowanne ya tsaya kan halinsa. Ke nan ba danniya ce kaɗai ke raba su ba, da abinsu suka zo.

A ɓangaren karfasa, sanannen irin nan da ake kira GIFT an fara gina shi ne a ƙasar Filifin a 1988. Masu aikin ba su ɗauki uwa ɗaya da uba ɗaya ba. Tushe takwas suka tattaro: huɗu daga ruwayen Masar, Gana, Kenya da Senegal, huɗu daga irin da ake kiwo a gonakin Asiya. Sai da suka faɗaɗa jini sannan suka fara zaɓe, kuma bayan zuriya biyar saurin girma ya ƙaru da kusan kashi 85 cikin 100. Daga baya bincike a kan wannan iri ya nuna cewa hatta tashin kifi kai ɗaya, ba wani ƙato wani tsigi ba, akwai gado a ciki.

Inda matsalar take a wurin ƙyanƙyasa

Ka san yadda ake yi. A yi wa macen tarwaɗa allura, a tatse ƙwanta, a yanka namiji a ciro maniyyinsa a gauraya. Mace ɗaya mai kilo guda tana ba da ƙwai dubu gomomi. Tun da namiji yanka shi ake yi, mai ƙyanƙyasa yakan so ya yi tattali, namiji ɗaya ya wadatar da mata da yawa. Sakamakon shi ne 'ya'yan kifi dubu biyar da aka raba wa manoma goma a unguwa ɗaya na iya zama duk 'yan uba ɗaya, wani lokaci ma uwa ɗaya uba ɗaya.

Nan ba a yi ɓarna ba tukuna. Ɓarnar na zuwa ne idan aka girmar da waɗannan, aka zaɓi mace da namiji daga cikinsu aka sake haɗawa. Mai kiwon awaki ya san abin da ke faruwa idan bunsuru ɗaya ya shekara biyar yana barbarar 'ya'yansa da jikokinsa. Ga lissafin da masana kiwo ke amfani da shi:

Haɗa wa da ƙanwa, uwa ɗaya uba ɗaya, yana kai kusancin jini kashi 25 cikin 100 a haihuwa ɗaya tak.

Namiji 1 da mata 10: kusancin jini na ƙaruwa da kusan kashi 14 a kowace zuriya.

Maza 5 da mata 6, duka dai kifi 11 ne kamar na sama: kusan kashi 5.

Maza 25 da mata 25: kashi 1.

Duba layi na biyu da na uku da kyau. Yawan kifin ɗaya ne, yawan mazan ne ya canja komai. Idan jini ya ƙuntata, abin da aka saba gani shi ne ƙarancin ƙyanƙyasa, karkataccen baya, raunin jure cuta da jinkirin girma. Kifin da bayansa ya karkace ko jikinsa ba ƙwari ba zai iya bin 'yan'uwa zuwa wurin ci ba. Shi ne zai rame, shi ne kuma za a cinye.

Zaɓen da kake yi ba ka sani ba

Duk ranar da ka ware iyaye, hali kake zaɓa, ko ka yi niyya ko ba ka yi ba. Misali biyu.

Na farko, waɗanda masu kiwo ke kira shuta, wato 'yan tsirarun da ke zarce sa'o'insu ninki biyu ko uku cikin 'yan makonni. Da yawa kan ajiye su a matsayin iyaye don ganin girmansu. Amma ka tambayi kanka da me ya girma. In da naman 'yan'uwansa ne, to girman nan bai gaya maka komai ba game da yadda yake juya abincin buhu ya zama nama. Kuma tun da bincike a kan wasu kifaye ya nuna hali na iya sauyawa cikin zuriya uku, mai tara shuta shekara bayan shekara yana wasa da wuta.

Na biyu, yadda kake kamawa. Idan ka watsa abinci ka sa raga ka ɗebi waɗanda suka fara tasowa, marasa tsoro kaɗai ka ɗiba. Rashin tsoro na da amfani a kwami, domin irin waɗannan ba sa wasa da ci. Amma in su kaɗai ka riƙa ajiyewa, kana ƙara ƙuntata jinin da dama bai da faɗi. Gara ka rage ruwa ka ga kifin duka, ka zaɓi manya masu lafiyar jiki daga cikin gungun da aka riƙa tacewa, waɗanda ka tabbata da abinci suka girma, kuma daga zubi daban-daban.

Kafin ka ɗora wa gado laifi

Hausawa na cewa hali zanen dutse, kuma mutumin Birnin Kudu ya fi kowa sanin yadda zanen dutse ke daɗewa. Amma a kifi gado yana ba da iyaka ne, ruwa da kulawa su ke yanke inda za a tsaya. Idan iyon kifinka ya canja, fara da waɗannan:

Sanyi. Tarwaɗa ta fi walwala a ruwa mai ɗumin digiri 26 zuwa 30. A hunturun Disamba da Janairu za ka ga sun lafe a ƙasa sun rage ci. Ka jinkirta abincin safe har rana ta ɗaga, ka rage yawansa, ka rufe kwamin da dare in da hali.

Iska a ruwa. Karfasa ta taru a sama da asuba tana buɗe baki, iskar oksijin ce ta yi ƙasa. Ita tarwaɗa tasowa ta shaƙi iska ta koma al'adarta ce. Amma in ka ga sun tsaya a tsaye kamar sanda, kai sama wutsiya ƙasa, to ruwa ya lalace ko cuta ta shigo. Canja ruwa tukuna.

Yunwa da bambancin girma. A wata biyun farko ka riƙa tace su duk mako ɗaya ko biyu, manya gefe ƙanana gefe. Ka watsa abinci a faɗin kwami, kar ka zuba wuri ɗaya.

Yawan kifi. Abin mamaki, 'ya'yan tarwaɗa sun fi faɗa idan sun yi kaɗan a wuri mai faɗi, domin kowanne na samun wurin da zai tsare. Cikowa daidai gwargwado na rage faɗa, muddin kana iya canja ruwa.

Haske. Inuwa na kwantar musu da hankali. Kwamin tamfol da ke tsakiyar rana ba rumfa yana ƙara musu tashin hankali.

Sai ka gyara duk waɗannan, abin bai canja ba, kuma zubi biyu ko uku daga wuri ɗaya suna ba ka matsala iri ɗaya, sannan ka waiwayi iri.

Ranar sayen iri

Ka je da kanka, da safe, kafin a ba su abinci. A zuba maka kaɗan a baho. Juya ruwan da hannu: masu lafiya za su fuskanci ruwan su yi iyo gaba da shi, raunana kuma ruwa zai tara su a tsakiya. Ƙwanƙwasa gefen bahon ka ga ko sun zabura tare. Jefa ɗan abinci ka ga ko yawancinsu sun taso. Duba girma ko kai ɗaya ne, duba baya ko a miƙe yake, duba gashin baki ko cikakke ne.

Sannan ka yi tambaya, ba kunya a ciniki. Mata nawa da maza nawa aka haɗa aka samu wannan zubin? Daga ina iyayen suka fito? Macen da namijin gida ɗaya suka tashi? Yaushe aka ƙyanƙyashe su? Wannan ta ƙarshe na da muhimmanci, domin ragowar da aka tace aka bari na iya yin kai ɗaya su yi kyau a ido alhali tsofaffi ne da suka tsumbure. Ka kuma tambaya ko tarwaɗa ce zalla ko haɗin tarwaɗa da ramboshi. Haɗin na girma sosai, amma na ci ne da sayarwa, kar ka ajiye shi a matsayin iyaye.

Aikin da ya fi ƙarfin mutum ɗaya

Manomi ɗaya ba zai iya riƙe maza 25 da mata 25 ba, amma ƙungiya za ta iya.

Ku buɗe littafi. Kowane zubi a rubuta inda aka saya, rana, adadi, waɗanda suka mutu, shuta nawa aka cire, buhu nawa aka ci, kilo nawa aka fitar.

Ku yi irin gwajin masana da kanku. Ku sayi iri daga wuri biyu a mako ɗaya, girma ɗaya, ku zuba adadi ɗaya a kwami biyu masu girma ɗaya, ruwa ɗaya, abinci ɗaya. In mutum uku ko huɗu a ƙungiya suka yi haka kuma sakamakon ya zo iri ɗaya, kun samu amsar da ta fi ta bakin dillali.

Ku yi musayar maza. Ƙungiyar Babaldu na iya musaya da ta Sara, amma ku fara binciko asali. In duk daga mai ƙyanƙyasa ɗaya kuka saya a Kano, to kun yi musayar 'yan'uwa ne kawai.

In za ku shigo da jinin kogi daga Bunga ko fadamar Haɗeja, ku ware kifin shi kaɗai na mako biyu zuwa uku saboda cuta da ƙwari. Ku kuma sa ran zai fi na gida tsoro da jinkirin karɓar abincin buhu. Ku gwada 'ya'yansa a kwami ɗaya kafin ku baza wa kowa.

Masu karfasa a kududdufi, ku lura: tana haihuwa da kanta tun tana ƙarama, don haka kududdufin da aka zuba sau ɗaya aka bari shekaru, dangi ɗaya ne ke ta juyawa a ciki. Ku riƙa kwashewa gaba ɗaya kuna sabunta iri.

Ku tsare bakin kwami kafin Agusta. Ambaliya irin ta 2022 da ta yi ɓarna a Jigawa tana kwashe kifin gona ta zuba a kogi. Asarar biyu ce: kuɗinka ya tafi, kuma kifin gona ya gauraya da na kogi, wanda shi ne rumbun jinin da za a koma wa gobe. Ku ɗaga ganuwa, ku kewaye da raga.

Don neman iyaye masu asali ko ƙarin bayani, akwai malaman gona na JARDA, akwai sashen nazarin kifi a Jami'ar Tarayya ta Dutse, akwai kuma cibiyar binciken kifin ruwan daɗi ta ƙasa, NIFFR, da ke New Bussa a Jihar Neja. Ƙungiya ta fi mutum ɗaya samun kunnen irin waɗannan wurare, kuma in kun je da littafinku a hannu za a fi gane abin da ke damun ku.

Daga yau, duk sanda za ka ba da abinci, ka ƙara minti biyar a bakin kwami. Ƙirga da ido: kashi nawa suka taso, su wa suka tsare gaba, su wa suka rage a baya. Rubuta abin da ka gani tare da sunan wurin da ka sayi irin. Bayan zubi uku, littafin nan ne zai gaya maka inda za ka koma saye da inda za ka daina zuwa.